Hot hatch: ƙananan motocin gudu masu ƙofar baya

Hot hatch suna ne da mujallun motoci na Birtaniya suka yaɗa, wajen farkon shekarun 1980, ga wani rukuni na ƙananan motoci. Asalin kowacce motar gida ce mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama tare da gilashinta, wadda but ɗinta yake haɗe da wurin zaman fasinja. Sai kamfani ya ɗora mata inji mai ƙarfi, ya ƙara mata girman birki, ya taurara shokozoba, ya ɗan saukar da ita kusa da ƙasa. Mai ita yana kai yara makaranta, ya yi cefane, ranar hutu kuma ya nemi hanya mai kwana-kwana ya taka ta. Turai ce mahaifar wannan rukuni, daga baya Japan da Koriya ta Kudu suka shigo. Abin da ya ɗaga darajarsa tun farko abu biyu ne: rashin nauyi da sauƙin kuɗi. Waɗannan biyun ne kuma sauyawar masana'antu zuwa lantarki ta fi taɓawa.

Asali

Ba a haɗu kan wadda ta fara ba. Wasu suna ƙirgawa daga Autobianchi A112 Abarth ta Italiya, wadda ta fito a 1971. Wasu suna ba Simca 1100 Ti ta Faransa wannan matsayi, wajen 1973 ko 1974. Renault 5 Alpine ma ta shiga kasuwa a 1976. Sai dai motar da ta kafa tsarin da kowa ya bi ita ce Volkswagen Golf GTI, wadda aka nuna a baje-kolin motoci na Frankfurt a watan Satumbar 1975, aka fara sayarwa a 1976.

Wasu 'yan ma'aikata ne a Wolfsburg, hedikwatar Volkswagen a Jamus, suka fara aikinta ba da umarnin manya ba, cikinsu har da injiniya Alfons Löwenberg da shugaban sashen hulɗa da 'yan jarida, Anton Konrad. Lokacin bai daɗe da matsalar man fetur ta 1973 ba, kuma shugabannin kamfanin ba su ga alamar za a sayi ƙaramar mota mai gudu ba. Da suka amince, sai suka ƙiyasta guda 5,000. Kafin a daina ƙera zubin farko, an yi sama da 460,000.

Injinta lita 1.6 ne, mai injekta a zamanin da yawancin ƙananan motoci kafireto suke amfani da shi, kuma daga kalmar injekta harafin I na ƙarshen sunanta ya samo asali. Ƙarfinta doki 110 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), nauyinta kimanin kilo 810, gudunta ya ɗan haura kilomita 180 a awa. A yau wannan ƙarfi ba abin a-zo-a-gani ba ne, amma a jikin mota maras nauyi haka ya ishe ta ta kere motocin da suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. Jan layin da ya kewaye gabanta, da kujeru masu zanen dara, da kan giya mai siffar ƙwallon golf, duk sun zama alamomin da kamfanin yake maimaitawa har yau. Ana danganta adon cikin ga mai zane Gunhild Liljequist.

Shekarun 1980

Wannan ne zamanin da rukunin ya yi tashe. Ƙananan motocin wasa masu kujera biyu na Ingila, irin su MG B da Triumph Spitfire, an daina ƙera su a 1980, kuma matasan da a da su suke saye sun koma ga motar da take da gudu, ga kujerun baya, ga rufi da ba ya yoyo. Ford ta fito da Escort XR3 a 1980. Renault ta yi 5 Turbo a shekarar, mai inji a bayan direba, sannan 5 GT Turbo a 1985 ga masu ƙaramin ƙarfi.

Peugeot 205 GTI, wadda ta fito a 1984, ita ce da yawa daga masu rubutu kan motoci suke ɗauka a matsayin gwanar rukunin. Ta fara da inji lita 1.6 mai doki 105, wajen ƙarshen 1986 aka ƙara mai lita 1.9 da doki 130. Nauyinta bai kai kilo 900 ba. Sitiyarinta yana isar da duk abin da tayoyin gaba suke ji zuwa hannun direba, kuma an san ta da wani hali: idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayanta kan zame. Ƙwararru suna neman wannan hali, sababbin hannu kuwa da yawa sun ƙare a gefen hanya saboda shi. Ita 205 ɗin gaba ɗaya ana cewa ita ta ceto Peugeot daga matsin kuɗin da ta shiga a farkon shekarun.

Tseren daji, wato gasar motoci a hanyoyin ƙasa da tuddai maimakon filin tsere, ya ƙara wa rukunin kwarjini. Peugeot 205 T16 ta ci gasar duniya a 1985 da 1986, Lancia Delta kuma ta riƙe kambin kamfanoni sau shida a jere, daga 1987 zuwa 1992. Mai kallon talabijin yana ganin mota mai siffar wadda take ƙofar gidansa tana tashi sama a kan tudu, ya je ya sayi 'yar'uwarta.

A farkon shekarun 1990 kasuwar ta faɗi a Birtaniya. Ɓarayi matasa sun mayar da waɗannan motoci abin nema, suna sata don su yi gudu da su kawai, kamfanonin inshora kuma suka tsawwala kuɗi har ya gagari masu saye. Renault Clio Williams ta 1993 tana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe martabar rukunin a lokacin.

Tseren ƙarfi

Honda Civic Type R ta fara a Japan a 1997, zubin 2001 kuma a Swindon ta Ingila aka ƙera shi. Daga nan Ford Focus RS, Renault Mégane RS da Golf R suka biyo, kamfanoni suka koma auna kansu da lokacin zagaye filin Nürburgring na Jamus. A 2019 Mercedes-AMG A45 S ta fito da doki 421 daga inji lita 2. Dokokin kare rai sun ƙara ƙarfe da jakunkunan iska, motoci suka yi faɗi. Golf GTI ta yau tana da doki 265, nauyinta kuma kimanin kilo 1,450. Tun kafin lantarki ya zo, rukunin ya riga ya yi nisa da sauƙin da aka san shi da shi.

Dokoki da janyewar kamfanoni

Tarayyar Turai tana auna hayaƙin kabon ne a kan matsakaicin duk motocin da kamfani ya sayar a shekara. Daga 2021 zuwa 2024 iyakar ta kasance giram 95 a kowace kilomita, tarar kuma yuro 95 kan kowane giram da ya haura, a kan kowace mota da aka sayar. Mota mai shan mai da ba a sayar da ita da yawa tana ɗaga matsakaicin, ribarta kuma ba ta biyan kuɗin gyara injinta don ya dace da sabuwar doka. A Faransa akwai ƙarin harajin hayaƙi da ake biya ranar rajista, wanda iyakarsa ta kai yuro 60,000 a 2024, abin da ya kusan ninka farashin wasu daga cikin waɗannan motoci. A 2023 Tarayyar ta zartar da dokar da ta ce daga 2035 sababbin motoci ba za su fitar da kabon ba. A ƙarshen 2025 hukumar zartarwarta ta gabatar da shawarar sassauta wannan zuwa ragin kashi 90 cikin 100.

Doka ba ita kaɗai ba ce. Masu saye a Turai sun karkata ga motoci masu tsayi irin na jif, ƙananan motocin da ake gina hot hatch a kansu suka rage ciniki. Ford ta daina ƙera Fiesta a Cologne a watan Yulin 2023, Fiesta ST ta tafi tare da ita, Focus ST ta bi baya a 2025. Renault ta rufe sunan Renault Sport da Mégane RS Ultime a 2023, guda 1,976, don tunawa da shekarar da aka kafa sashen. Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai a farkon 2024. A wannan shekarar Volkswagen ta cire giyar hannu daga Golf GTI. Honda ta sanar a 2025 cewa Civic Type R za ta bar kasuwar Turai a 2026.

Zubin lantarki

Injin lantarki yana ba da duk ƙarfin jansa daga tsaye, ba ya jiran ya ɗauki zafi ko ya hau juyi. Saboda haka tashi da sauri, wanda a da shi ne abin da ake biya wa kuɗi, ya zama mai arha. MG4 XPower ta 2023, ƙirar Sin, tana da doki 435, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.8, a farashin da bai wuce na Golf GTI ba. Duk da haka masu gwada motoci da yawa ba su yabe ta a kwana ba, domin birki da shokozoba ba su samu kulawar da injin ya samu ba.

Matsalar tana wurin batir. Lita 40 ta fetur kimanin kilo 30 ce, kuma tana raguwa yayin tafiya. Batir mai kilowat-awa 52 kimanin kilo 300 ne, cike ko babu caji. Ana shimfiɗa shi a ƙasan mota, wanda hakan yake sa ta zauna daram a kwana, amma taya da birki su ne suke ɗaukar wahalar. Gudu mai tsanani yana zafafa batir, kwamfutar mota ta rage ƙarfi don kare shi, cajin kuma ya zube da wuri. Ƙara girman batir yana ƙara nauyi da kuɗi. Nan ne injiniyoyi suka rabu gida biyu.

Hyundai ta bi hanyar girma. Ioniq 5 N, wadda aka nuna a bikin motoci na Goodwood a Ingila a watan Yulin 2023, tana kai doki 650, batirinta kilowat-awa 84, nauyinta kimanin kilo 2,200. An sa mata manhaja da take kwaikwayon giya takwas, har da ɗan fizgar da ake ji idan giya ta shiga, ga lasifika masu fitar da ƙarar inji. Ta samu yabo sosai, har daga waɗanda suka je gwada ta da shakka. Sai dai girmanta da farashinta sun sa wasu ba sa ƙirga ta a rukunin.

Faransa ta bi hanyar ƙanƙanta, kuma ita ce ta fi kusa da ruhin 205 GTI. Alpine A290, wadda aka gina a kan sabuwar Renault 5 ta lantarki, an nuna ta a tseren motoci na Le Mans a watan Yunin 2024, ana ƙera ta a garin Douai. Tana zuwa da doki 180 ko 220, tayoyin gaba ne suke ja, nauyinta kilo 1,479, caji ɗaya yana kai ta kimanin kilomita 360 zuwa 380 a ma'aunin hukuma. Ba ita ce ta fi kowa tashi ba, kamfanin kuma bai nemi hakan ba. Aikin ya tafi ne ga sitiyari, da birki, da yadda bayan motar yake bin gaba a kwana. Ita da Renault 5 suka ci kyautar motar shekara ta Turai ta 2025. Peugeot ta dawo da harufan GTi a kan E-208 mai doki 280, wadda ta nuna a Le Mans a 2025. Abarth 500e ta Italiya, mai doki 155, tana da lasifika a ƙasan bayanta da take kwaikwayon salansar tsohuwar mai fetur. Akwai kuma Cupra Born VZ mai jan baya, da Mini John Cooper Works ta lantarki.

Volkswagen ta fara sa wa motocinta na lantarki masu gudu sunan GTX. A baje-kolin Munich na 2023 ta nuna samfurin ID. GTI, ta tabbatar da cewa tsohon sunan zai tsallaka zuwa lantarki a kan ƙaramar mota mai jan gaba, wadda daga baya aka sanar da ita da sunan ID. Polo GTI.

Saɓani

Ana jayayya kan ƙarar inji da giyar kwaikwayo. Masu goyon baya suna cewa kunne yana taimaka wa direba ya san gudunsa kafin ya shiga kwana. Masu suka suna ganin yaudara ce. Ana kuma jayayya kan ko man roba da ake haɗawa daga kabon da haidirojin, wanda Jamus ta nemar wa gurbi a dokar 2035, zai taɓa yin arhar da zai shiga ƙaramar mota.

Masu fetur da suka rage

Toyota ta tafi akasin kowa. GR Yaris ta 2020, mai silinda uku da turbo, mai jan ƙafa huɗu, an ƙera ta ne don tseren daji, GR Corolla ta biyo a 2022, dukansu da giyar hannu. Kamfanin ya kuma gwada Corolla mai ƙona haidirojin a tseren awa 24 na Fuji da ke Japan a 2021, inda shugabansa na lokacin, Akio Toyoda, ya tuƙa da kansa. Golf GTI mai fetur tana nan, har an yi mata zubi na musamman mai doki 325 don cikarta shekara 50.

A Afirka ta Yamma

Rukunin bai taɓa samun kasuwar sababbi a yankin ba. Golf da aka sani a tashoshin Arewacin Najeriya da Nijar, musamman zubi na uku, na-hannu ce da ta shigo daga Turai, yawanci ta Kwatano, kuma a matsayin motar haya take aiki. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta shahara ne da 504 da 505.