Karayar harbi a Sakkwato: tun yaushe ta fi ƙarfin ɗori?

Duk sanda aka yanke ƙafar wanda 'yan bindiga suka harba, sai gardama ta tashi a Sakkwato. Wasu su ce likitoci na gaggawar yanka, wasu su ce dangi ne suka tsaya wurin mai ɗori har ƙafar ta ruɓe. Ana magana kamar jiya abin ya faro.

A da, ko a Turai, yanka ne maganin ƙashin da harsashi ya fasa. A 1867 Joseph Lister, wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, ya nuna amfanin wanke buɗaɗɗiyar karaya da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yaƙin duniya na farko kuma ya koya wa likitoci su cire mataccen nama, su bar raunin a buɗe 'yan kwanaki kafin ɗinki.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne canjin bindigar kanta. Maɗoranmu sun gaji sana'arsu a kan wanda doki ya kayar ko ya faɗo daga bishiya, daga baya 'yan babur. Harbi in ya zo musu, na bindigar toka ne. Bayan 2011, da makamai suka bazu a yankin Sahel, hare-hare kuma suka tsananta a Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, AK-47 ta maye gurbinta. Harsashinta na fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa. In ya daki ƙashi, sai ya tarwatsa shi, gutsattsarin su ma su yayyaga nama, ga ƙura da ƙyallen riga da ya ja ciki. A ido kuwa 'yar huda ce, shi ya sa dangi ke raina ta. A ɗaure wannan da kara, kumburi ya matse jijiyoyi, mugunya ta taru. Ni ban ga laifin hannun mai ɗori ba. Karayar da ya gada daban ce.

A asibiti ma ba tiyata ɗaya ba ce. Akan riƙe ƙashin da ƙarfe daga waje, in kuma guntu ya ɓace, sai a ja ƙashin da ya rage don cike giɓin da dabarar Ilizarov, wani likitan garin Kurgan a Rasha, milimita 1 a rana. Giɓin santimita 5 kwana 50 ke nan na ja kawai, ban da watannin da sabon ƙashi zai yi kafin ya yi ƙwari. Duk tsawon wannan jinya manomin da aka ɗauko a babur daga ƙauye, gonarsa a yashe, shi da danginsa ne za su nemo kuɗin.