Waiwaye: Ƙofar da Aka Kulle a Viterbo da Fim ɗin Conclave

Bayan rasuwar Fafaroma Clement na Huɗu a shekarar 1268, manyan limaman Katolika, wato kadinal-kadinal, sun taru a garin Viterbo na ƙasar Italiya, suka shafe kusan shekara uku ba su daidaita kan magajinsa ba. Da haƙurin mutanen gari ya ƙare, sai suka kulle su a fadar da suke taro, suka rage musu abinci zuwa burodi da ruwa, har suka yaye rufin ginin domin rana da ruwan sama su matsa musu. A 1271 aka zaɓi Gregory na Goma, kuma shi ne ya mayar da kullen doka a 1274. Kalmar conclave kanta, wato sunan wannan taron zaɓen fafaroma a kulle, daga Latin take, ma'anarta "da mabuɗi".

Wannan kullen shi ne ginshiƙin littafin Conclave da marubucin Ingila Robert Harris ya fitar a 2016, wanda darakta Edward Berger ya mayar fim a 2024, Ralph Fiennes ya fito a matsayin Kadinal Lawrence mai jagorantar zaɓen. A ganina ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan abubuwa: yadda ake karɓe wayoyi a bakin ƙofa, yadda ake huda kowace ƙuri'a da allura a shiga da ita cikin zare, sannan a ƙone takardun, baƙin hayaƙi ya tashi idan ba wanda ya samu kashi biyu cikin uku, fari kuma idan an samu. Cikin masu neman kujerar akwai ƙagaggen kadinal ɗan Najeriya, Adeyemi, wanda ya yi gaba a ƙuri'u kafin wani tsohon sirri ya kayar da shi, abin da ya tuna wa mutane da yawa yadda aka riƙa ambaton Kadinal Francis Arinze na Najeriya cikin waɗanda za su iya zama fafaroma a 2005.

Fim ɗin ya samu kyautar Oscar ta rubutun labari a Maris 2025. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 21 ga Afrilu, Fafaroma Francis ya rasu, kadinal 133 suka shiga ɗakin ibada na Sistine da ke Vatican domin zaɓen magajinsa, ciki har da Peter Okpaleke na Najeriya, kuma a rana ta biyu, 8 ga Mayu, farin hayaƙi ya sanar da zaɓen Leo na Goma sha Huɗu, ɗan Amurka na farko da ya hau kujerar.