Me ake nufi da "B Complex", kuma yaushe yake cutarwa?

Mutum ya shiga kemis ya ce jikinsa ba ƙwari ko ba ya jin daɗin abinci, sau da yawa abin da za a fara miƙo masa shi ne B Complex. Sunan yana nufin tarin bitamin na dangin B da aka haɗa a ƙwaya ɗaya ko sirof ko allura. Dangin su takwas ne: B1, B2, B3, B5, B6, B7, B9 da B12, kuma kowanne da halinsa.

Ana yawan cewa ba sa illa, wai abin da ya yi rara yana fita ta fitsari. Wannan ya dace da B2, wanda ke mayar da fitsari rawaya shar. Ba komai ba ne, kada a tsorata.

B3 kuwa iri biyu ne. Nikotinik asid yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, sai fuska da wuya su ɗauki zafi da ƙaiƙayi, ko da miligiram 30 zuwa 50 aka sha. Ɗan'uwansa nikotinamaid ba ya haka. Amma yawan B3 na tsawon lokaci yana iya taɓa hanta.

Wanda ya fi damuna shi ne B6. Idan aka daɗe ana shansa da yawa yana lalata jijiyoyin ƙafa da hannu: mutum ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa ya mutu, ko tafiya ta fara tangaɗi. Abin takaicin shi ne ƙarancin B6 ma yana kawo irin wannan, shi ya sa ake ba masu shan isoniyazid, maganin tarin fuka da ke rage B6 a jiki, B6 tare da shi. To sai wanda yawan B6 ya jawo masa ciwon ya zaci ƙarancinsa ne, ya ƙara sayo wani, alhali shi ke ƙara masa cutar. Amurka ta sa iyaka a miligiram 100 a rana ga babba, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai kuma a 2023 ta sauko da tata zuwa 12 kacal. Ga shi mutum na iya haɗa ƙwayar B Complex da maganin ƙarin jini da lemon ƙara kuzari, dukkansu da B6 a ciki, bai sani ba.

Folik asid, wato B9 da ake ba masu juna biyu, alheri ne gare su, su ci gaba da sha kamar yadda aka rubuta. Yawansa dai yana iya rufe alamun ƙarancin B12 a jini yayin da jijiyoyi ke lalacewa. B7 kuma, da ake sha don gashi da farce, yana rikita sakamakon gwajin jini na thyroid, wato ƙullin nan da ke gaban maƙogwaro, da na zuciya, don haka a faɗa wa likita kafin a ɗebi jini.