Ɗaukar Hoton Jariri Sabon Haihuwa: Tambayoyin da Iyaye ke Yi a Maradi

A ƴan shekarun nan da wuya a yi suna a Maradi, daga Bagalam zuwa Zariya har Ali Ɗan Sofo, ba a ga wayoyi sun yi wa jariri rumfa ba, kowa yana neman ya tafi da hoton baƙon da aka samu. Iyaye kuma suna ganin hotunan jarirai a Facebook da TikTok, wani ya yi tagumi, wani an rataye shi cikin zane, sai su nemi a yi wa nasu haka. Ni da nake shiga gidajen masu jego da kyamara, waɗannan ne tambayoyin da aka fi yi mini.

Yaushe ya fi dacewa a ɗauki jariri hoto?

Idan yana hannun mahaifiyarsa ko kakarsa, ana iya ɗaukarsa tun ranar farko, domin ba a motsa shi daga inda yake ba. Idan kuwa zama na musamman ake so, wanda za a shimfiɗe shi a gyara masa kaya, masu wannan sana'a sun fi son tsakanin kwana 5 zuwa 14, saboda a lokacin barcinsa yana da nauyi kuma jikinsa yana nan a dunƙule kamar yadda ya saba a ciki. Ranar suna ta faɗo cikin waɗannan kwanaki, amma a ganina ita ce mafi rashin dacewa, domin an yi masa aski, ya bi hannu ya fi ashirin, ga hayaniya, ga mai jego a gajiye. Gara a bari sai kwana biyu ko uku bayan an watse, da hantsi, bayan ya sha nono ya yi gyatsa. Sabon jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, saboda haka duk lokacin da ya nema sai mai hoto ya ajiye kyamara ya jira. Bakwaini, da duk wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba, ba a shirya musu zama. Hotonsu shi ne a ƙirjin uwa, a lulluɓe.

Hotunan da ake ganin jariri ya yi tagumi ko yana rataye, yaya ake yin su?

Galibinsu haɗi ne na kwamfuta. A hoton tagumi, babban mutum ne yake riƙe da kan jaririn ta sama a ɗauka ta farko, sannan ya riƙe hannayensa ta ƙasa a ta biyu, daga baya a haɗa biyun a goge hannun babban. Haka ma na ratayewa, jaririn yana kwance ne a kan katifa aka ɗauke shi. Wanda bai san wannan ba ya tashi kwaikwayo da gaske, ya jefa rai cikin haɗari.

Dalili shi ne kan jariri ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuma ba ya iya ɗaukar wannan nauyi sai ya kai kimanin wata 4. Idan kan ya rinjaya gaba har haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi takan matse, kuma abin tsoron shi ne jaririn ba lallai ya yi kuka ba, sai a ɗauka barci yake yi. Ban da wannan, jariri yana da wata zabura da aka haife shi da ita: ƙarar ƙofa ko ta babur a waje tana sa ya watsa hannuwa ya banƙare lokaci guda, kuma wannan motsi ya isa ya kifar da ƙwarya ko kwandon da aka saka shi a ciki.

Akwai ranar da wani matashi ya miƙo mini wayarsa a tsakar gida ya ce, "Malam, irin wannan nake so a yi wa ɗiyata." Hoton jaririya ce zaune cikin ƙwarya, kanta a tsaye. Kafin in buɗe baki sai mahaifiyarsa, wadda ke tsugune tana wanke tsummokin jego, ta ɗago kai ta ce, "Kai yaro, wadda wuyanta bai tsaya ba za ka zaunar?" Na ce mata, "Inna, kin riga ni." Muka shimfiɗa katifa a ƙasa, muka rufe ta da zanen saƙi mai laushi, muka kwantar da yarinyar rigingine, muka ajiye ƙwaryar a gefenta, kakar kuma tana zaune dab da ita. Ƙa'idata ke nan a ko'ina: a yi aiki a ƙasa, a guji tebur da kujera da bakin gado, kuma a sami babban mutum wanda hannunsa zai kai ga jariri ba tare da ya tashi ba, idonsa a kan numfashin yaron da launin leɓɓansa. Wanda zai ɗauka daga sama ya rataya igiyar kyamara a wuya, mai waya kuma ya riƙe ta da hannu biyu, kada ya tsayar da ita saitin fuska ko maɗiga.

Walƙiyar kyamara tana lalata idon jariri?

Babu wata hujjar likitanci da ta nuna cewa walƙiyar kyamara ta yau da kullum tana makantar da jariri. Duk da haka ina ba da shawarar a kashe ta, domin tana firgita shi, tana kuma sa fata ƙyalli marar kyau. Sai dai akwai abin da ya kamata kowane uba da uwa su sani: idan an ɗauki yaro da walƙiya, aka ga tsakiyar idonsa ɗaya ya fito fari maimakon ja ko baƙi, musamman idan abin ya maimaitu a hotuna da yawa, a kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba, domin hakan yana iya zama alamar yanar ido ko sankarar ido ta yara, kuma duka biyun sun fi jin magani idan an gano su da wuri.

To da wane haske za a yi aiki, tunda ɗakin mai jego yakan yi duhu?

Hasken taga ko na bakin ƙofa ya wadatar. A kashe ƙwan lantarki don kada launuka su cakuɗe, a kwantar da jariri kamar taku biyu daga tagar, yadda hasken zai sauko daga wajen goshinsa ya bi gefen fuska zuwa haɓa. Hasken da ya taso daga wajen ƙafafu yana munana fuska, haka ma ɗauka daga ƙasan hanci. Idan rana ta shigo kai tsaye, a rataya farin mayafi a tagar ya tace ta, idan kuma ɗaya gefen fuskar ya yi duhu sosai, wani ya riƙe farin zane daga can ya mayar da hasken. Ba a fitar da jariri cikin rana saboda hoto; inuwar rumfa da safe ita ce iyaka. Mai waya ya goge idon kyamarar, ya taɓa fuskar jaririn a kan allo domin wayar ta auna haske da fatarsa, sannan ya tako ya matsa kusa da jaririn maimakon jawo hoton da yatsu. Kada a manta da ƙananan abubuwa, irin su yatsunsa sun naɗe yatsan mahaifinsa, ko tafin ƙafarsa cikin tafin hannun kakarsa mai lalle, domin su ne suke canjawa cikin ƴan makonni.

Za a iya tuɓe shi?

Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma yana saurin yin sanyi fiye da babba, musamman ta kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ɗakin sabon jariri ya gaza digiri 25. A hunturun Maradi, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, don haka a bar shi da kayansa da hularsa, a jira rana ta ɗaga. Garwashin da ake kai wa ɗakin mai jego a fitar da shi, a buɗe taga iska ta shiga kafin a fara, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. A bazara kuma, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, matsalar takan juya: naɗe jariri cikin shawul mai kauri da hular ulu don hoto ya yi kyau yana galabaitar da shi. A taɓa bayan wuyansa, idan da gumi a rage kaya, kuma kada a saita masa fanka kai tsaye.

Kwalliya fa?

Na san wannan magana tana taɓa al'ada, amma dole in faɗe ta. Kwallin dutse da ake zizara wa jarirai a ido da gira sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro, kuma hoto ba ya buƙatarsa. Lalle ma a bar wa manya, domin akwai jariran da ke da wata larurar jini ta gado wadda lalle ke iya tayarwa. Hoda da hayaƙin turaren wuta suna shiga huhu. Sabuwar atamfa a wanke ta sitaci ya fita kafin ta taɓa fatarsa, sarƙa da duwatsu a wuya kuma a cire su. Cibiya takan faɗi da kanta cikin mako 1 zuwa 2, kada a ja ta ko a ɗaure ta don a ɓoye. Lulluɓi mai sauƙi ya isa. Mai hoto shi ma ya wanke hannu da sabulu, ya yanke farce, ya kawo zannuwa wankakku, idan kuma yana mura ko tari ko ƙurjin zazzaɓi a leɓe, ya ɗaga ranar.

Ya dace a gyara launin fatarsa a hoto?

Ƙara haske kaɗan ba laifi ba ne, amma ba na goyon bayan mayar da yaro fari da manhaja, domin wata rana zai girma ya nemi kamanninsa na gaskiya. Akwai kuma wani dalili mafi nauyi: launin jariri na gaskiya yakan nuna halin lafiyarsa. Idan a hasken taga aka ga farin idonsa ko dasashinsa ya yi rawaya, wannan cutar shawara ce, kuma idan ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, asibiti ake nufa nan take. Haka nan idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa yana sauri, zaman hoto ya ƙare.

Wa ke da ikon yaɗa hoton?

Iyayen yaro ne kaɗai. Wasu gidajen ba sa son a nuna fuskar jariri saboda tsoron kambun baka, wata mai jegon kuma kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta rungume shi a gaban surukai ba, kuma duka biyun a girmama su ba tare da gardama ba. A irin wannan gida nakan ba kaka ko gwaggo ta riƙe shi. Mai hoto bai da ikon yin tallan sana'arsa da ɗan wani sai da izini bayyananne, ƴan uwa ma su tambaya kafin su ɗora a WhatsApp. Hoton tsiraici kada ya hau intanet ko kaɗan, haka ma wanda ke nuna takardar haihuwa ko ƙofar gida. Wajen ajiya kuma, WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi yadda aka saba, don haka a karɓi na asali a katin ajiya, a wanke biyu ko uku a takarda, a sa su inda zafi da gara ba za su kai ba.