Masu Hawan Keke, Ku Duba Sirdi Kafin Ku Zargi Gwiwa

Duk wanda ya kalli Biniam Girmay, ɗan Eritiriyar nan da ya lashe koriyar riga (kyautar wanda ya fi tara maki) a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024, zai ji kamar ya jawo kekensa ya kama titi. Motsa jiki abu ne mai kyau, mu ma'aikatan lafiya har roƙonku muke yi ku yi. Sai dai yawancin masu zuwa mana da ciwon gwiwa daga hawan keke ba faɗuwa suka yi ba. Ciwon a hankali yake sato su, ya fara da tsukewa a gaban ƙoƙon gwiwa wajen hawa bene ko tashi daga zaman tahiya.

Babban mai laifi shi ne sirdi. Mun saba barinsa ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa in an ja birki. Haka kuwa na sa gwiwa ta lanƙwashe fiye da kima, ƙoƙon ya yi ta gugar ƙashin cinya sau dubbai a tafiya guda. In kuma sirdin ya yi sama da yawa, sai ciwon ya koma bayan gwiwa, ƙugu na ta rangaji hagu da dama.

Gwajin ba wuya. Ka dafa bango, ka zauna a kan sirdi, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai ta ƙasa can. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mai da tudun yatsu kan fedar kamar yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwar ta ɗan rusuna kaɗan. Nan ne daidai. Sifana ɗaya ta isa, mai gyaran keke na bakin layi ma zai yi maka.

Sai saka keke a giya mai nauyi. Samari na ganin jarumta ce a danne feda da ƙarfin tsiya a kan tudu. 'Yan tseren da ake kwaikwayo kuwa juya ƙafa suke yi da sauri, wajen sau 90 a minti guda. Kuma kafin su yi fiye da kilomita 3,000 cikin mako uku, shekaru suka yi suna gina jiki, ga likita da mai tausa a bayansu. Kai da ka yi wata shida keke na jingine, kada ka ce Kano zuwa Wudil ka dawo rana ɗaya. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu haɗiyar tiramol don su danne ciwon su ci gaba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shan sa a gasa tun 2019, kuma saboda shi aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour de France ta 2022. Ƙwayar ba ta gyara komai, ciwon kawai take rufewa, ga jiri a kan titi.

In ciwon sabo ne, ka huta kwana biyu, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15. Amma in gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ta ƙi ɗaukar nauyinka, ko ta yi zafi haɗe da zazzaɓi, kada a kai ta wajen mai ɗori a murza. A tafi asibiti, likitan ƙashi ya duba.