Girkin Tattali da Aikin Gida a Lokacin Hunturu a Kaduna

Girkin tattali na hunturu shi ne dabarun da matan gida ke bi don ciyar da iyali da tafiyar da aikin gida da ɗan kuɗi kaɗan a watannin sanyi, wato daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen ƙarshen Fabrairu, wani zubin ma har ya leƙa Maris. A garin Kaduna wannan lokaci yana da nasa lissafi daban da na damina ko bazara, domin hatsi da kayan miya suna sauka saboda an fito daga kaka kuma noman rani ya fara shigowa, amma kuɗin wuta, wato gas da gawayi da itace, shi ke cin aljihu tunda komai sai an ɗumama, daga ruwan wanka har abincin da aka sauke ɗazu-ɗazu.

Yanayin kansa

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, daga Sahara, kuma mafi yawan ƙurar da take ɗebowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Busasshiyar iska ce, ba danshi a cikinta ko kaɗan. A Kaduna da asuba sanyi kan sauka zuwa wajen digiri 15, wasu ranakun ƙasa da haka, amma da rana ta take sai a haura 30. To wannan bushewar da kuma bambancin dare da rana su ne tushen duk abin da za a faɗa a ƙasa: tuwo ya kwana lafiya lau ba firji, shanya ta bushe kafin la'asar, amma kuma ƙura ta shiga ko'ina, fata ta tsage, wuta in ta kama ba ta jin kira.

Cefane

Mai dabara ba ta sayen hatsi mudu-mudu a shagon unguwa a wannan lokaci in da hali. Masara daga su Saminaka da Giwa, dawa, gero, wake da waken suya duk sun shigo sabo, farashi bai kai na Yuni ko Yuli ba, shi ya sa za ka ga mata uku ko huɗu sun haɗa kuɗi, wasu daga kwasar adashi, sun sayi buhu a raba. Ranar Talata kasuwar Kawo ke ci, kayan ƙauye suna shigowa kai tsaye, Bakin Dogo kuma can ne matattarar tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da doya, kuma sayen kwando a can a raba da maƙwabta ya fi sayen kashi-kashi a bakin titi nesa ba kusa ba. Wanda ya je da yamma yakan samu bage, wato tumatir ɗin da ya fara laushi ko ya fashe, da araha sosai, in za a dafa shi ran nan ba laifi amma wanda ya yi furfura ko ya fara tsami a zubar kawai, ba tattali ba ne.

Matsalar wake ita ce ƙwari. Dabarar da ta fi aminci ita ce a shanya shi ya bushe ƙayau sannan a ɗura a jarka mai tsabta, a cika ta har wuya a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko a yi amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Wasu kan zuba busasshen barkono a ciki. Abin da bai kamata ba shi ne zuba maganin ƙwari irin na feshi a cikin abin da yara za su ci, an sha jan kunne a kan haka amma har yanzu ana yi.

Shanya

Nan ne hunturu ke biyan bashin wahalar da yake ba mutane. Tumatir yana araha daga Janairu zuwa Maris lokacin da na fadamun Ikara da Kubau da kewayen Zariya da na Kadawa ta jihar Kano suka cika kasuwa, sannan ya yi tashin gwauron zabi da zarar ruwa ya sauka. Mutane ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, gidan da ke da kauɗa, wato busasshen tumatir, a ajiye a shekarar nan bai ji jiki kamar sauran ba.

Yadda ake yi ba wuya: a wanke, a yanka gida biyu ko huɗu, a baza a tabarma ko buhu ko faranti a sama, ba a ƙasa ba, a lulluɓe da gidan sauro tsoho saboda ƙura da ƙuda. Cikin 'yan kwanaki ya bushe. Kauɗar da aka yi a gida ta fi ta kasuwa tsabta, don ta kasuwa sau da yawa a bakin kwalta aka shanya ta, sai an jiƙa an wanke an sake wankewa kafin yashin ya fita kuma duk da haka wani lokaci sai an ji shi a haƙori. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa, ita kuɓewar a yanka ta sirara ta bushe a daka. Zogale da rama da yakuwa kuwa a inuwa ake shanya su don kada su koɗe.

Akwai kuma masu markaɗe, su kai inji a niƙa kwando guda, a dafa har ruwan ya tsane ya yi kauri, a ɗura a kwalaben Bama da aka wanke, a rufe sannan a sake tafasa kwalaben cikin ruwa. Yana yin watanni in an yi shi da kyau, sai dai yana cin wuta, don haka a murhun itace ake yin sa ba a gas ba. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, ta lalace.

Wuta

Wannan shi ne babban babin. Kananzir da risho sun kusa zama tarihi a gidaje da yawa tun bayan cire wa kananzir tallafi a 2016, gas kuma ya yi tsada, sannan bayan cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 kuɗin dako ya hau kan komai har da buhun gawayi. Shi ya sa gida ɗaya za ka tarar da murhu kala uku: ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 don shayin safe da ɗumame na gaggawa, kurfoti ko abaca na gawayi don miya da shinkafa, sai murhun itace a tsakar gida don wake, ganda, tuwon taro da ruwan wanka. Maƙeran Panteka suna ƙera kurfoti da tukwane kala-kala, kuma mai laka a ciki ya fi riƙe zafi ya fi kuma rage cin gawayi. Akwai kuma murhun Save80 wanda ƙungiyar DARE da ke nan Kaduna ta yi ta yaɗawa, da 'yan ƙirare yake aiki, yana zuwa da akwatin riƙe zafi da ake saka tukunya a ciki ta ƙarasa dahuwa da kanta, kuɗin sayen sa ne dai ke korar mutane.

Dabarar akwatin nan ko ba shi ana iya yi. In shinkafa ko wake ya tafasa sosai ya ɗau hanyar nuna, sai a sauke, a nannaɗe tukunyar da tsohon bargo a saka cikin kwali ko kwando, zafin da ke ciki zai ƙarasa aikin. Sauran dabarun duk sanannu ne amma raina su ake yi: jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, kare murhu daga iska da kwano ko bulo domin iskar hunturu tana kwashe zafi da yawa kafin ya taɓa gindin tukunya, haɗa komai a gaba kafin a kunna wuta ba wai a ɗora ruwa sannan a aiki yaro sayo magi ba. In an gama girki a kashe ragowar gawayin, a kife masa tukunya ko a yayyafa ruwa a shanya, gobe ya sake aiki. Kuma kafin garwashin ya mutu a ɗora tukunyar ruwa a juye a fulas, shi ne na alwalar asuba da kunun yara. Kanwa tana sa wake saurin nuna amma kaɗan ake sawa, in ta yi yawa ciki ne zai faɗa.

Abin da ake dafawa

Karin kumallo na hunturu ɗumame ne, kuma ba abin kunya ba ne kamar yadda wasu 'yan gayu ke ɗauka. Uwargida takan tuƙa tuwon dare da yawa da gangan, masara ko dawa, a kwashe malmala-malmala, da safe a ɗumama da ragowar miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa a ɗiga man shanu in akwai, in babu man ƙuli da yaji. Wuta ɗaya, ci biyu. A bazara wannan tuwon zai iya kwana ya yi yauƙi amma a sanyi ƙalau yake tashi. Miyar kuka kuwa ko ba nama tana tsayuwa in daddawa ta ji, da ɗan busasshen kifi ko ɗan ƙashi daga mahauci.

Sai kunu, wanda a sanyi ba ya yankewa: koko da ƙosai, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, kunun kanwa. Gasarar ma ana yin ta da yawa a shanya ta zama gari, kullum sai dai a dama. Citta da kanumfari da masoro da kimba suna yawa a kunu da shayi a wannan lokaci saboda mura, kuma citta dai ta gida ce, kudancin jihar nan, su Kachia da Jaba da Kagarko, su ne cibiyar nomanta a Najeriya, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 ta sa ta yi tsadar da mata suka koma sayen 'yar ƙulli.

Fate kuwa shi ne sarkin girkin tattali a ƙasar Zazzau, har tsokanar Zage-zagi ake yi da shi. Tsakin masara, yakuwa da alayyafo, ɗan wake ko gyaɗa, albasa mai lawashi, gauta in ana so, manja cokali biyu, tukunya ɗaya wuta ɗaya kuma a sha da zafi jiki ya ɗumama. Akwai faten wake, na dankalin Hausa, na doya, na kabewa, na acca wanda aka fi yi a kudancin jihar. Da rana ɗanwake ko garau-garau da mai da yaji, ko dambu da zogale, a yanka kabeji da karas da latas a kai tunda lokacinsu ne kuma masu lambu a bakin kogin Kaduna suna kawo su da rahusa. Awara ta zama naman talaka, mudu ɗaya na waken suya yana ba da abin da za a soya a ci a kuma jefa a miya, dusar ta tafi wa kaji ko awaki. Azumi ma yana ta matsowa cikin sanyi tunda duk shekara yana ja baya da kamar kwana 11, na 2025 a farkon Maris aka ɗauka, don haka lissafin kunu da ƙosai da na hunturu sun fara haɗewa.

Ruwa, wanki da ƙura

Rijiyoyi suna fara ja baya tun daga Janairu a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada, famfo kuma ba kullum ba, sai a dogara da bohol da 'yan garuwa masu kura. Don haka ruwa ɗaya aiki biyu yake yi, na ɗaurayar wanki shi ake yayyafawa a tsakar gida kafin shara ko a kai banɗaki. Jarka ko baƙar roba da aka ajiye a rana tun hantsi kan yi ɗumin da zai ishi wankan yara da yamma ba tare da an hura wuta ba, kuma iyaye da yawa sun mayar da wankan 'yan makaranta yamma saboda wannan.

Wanki da hantsi ake yin sa, ba da sassafe ba, hannu ya huta. Kaya suna bushewa cikin awa biyu zuwa uku kuma a kwashe nan take, in aka bar su sai sun koma ruwan ƙasa. Ƙura ba a kakkaɓe ta da busasshen tsumma, tashi kawai za ta yi ta sake sauka, jiƙaƙƙe ake sawa, a toshe ƙasan ƙofa da tsohon zani, a sauke labule mai kauri ta ɓangaren da iska ke bugowa, kwanuka a kife, randa a rufe. Bargo da rigunan sanyi kuwa gwanjon Kasuwar Barci ya rufa wa mutane da yawa asiri, sai dai a saya tun Oktoba kafin 'yan kasuwa su ji sanyi su ƙara kuɗi. Hannun mai wanke-wanke da dugadugan ƙafa su ke fara nuna alama, kaushi da faso, maganinsu man kaɗanya ko bazilin a shafa tun jiki da danshi, a sa safa a kwanta.

Haɗari

Kaskon wuta a cikin ɗaki a rufe yana kisa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuma ba zai ma ji ba, haka hayaƙin janareto da aka kunna a baranda kusa da taga. In dole sai an ɗumama ɗaki, a bar taga a buɗe kuma a fitar da kaskon kafin a kwanta, musamman ɗakin mai jego da jariri inda aka fi yin wannan. Hitar ruwa da ake tsomawa a bokiti ita ma ta ƙona gidaje, ana ɗauke wuta a manta da ita a soket, a dawo da wutar ba kowa a gida. Tukunyar gas a duba tiyonta da ruwan kumfa ba da ashana ba, a rufe kanta in an gama. Ruwan zafi da kurfoti kuma a nesanta su da hanyar yara masu rarrafe, in an samu ƙuna a zuba ruwan famfo mai sanyi na wajen minti 20 sannan a tafi asibiti, ba manja ko makilin ko ɗanyen ƙwai ba. Masu asma da sikila da tsofaffi su aka fi keɓewa daga shara da hayaƙin murhu a waɗannan watanni, aikin sai a miƙa wa wani a gidan.