Waya mai ƙwaƙwalwa takwas ba ta ninka sauri sau takwas

An daɗe ana cewa in aka ga Octa-core a kwalin waya ko kwamfuta, wato ƙwaƙwalwa takwas, to saurinta ya ninka na mai ƙwaƙwalwa ɗaya sau takwas. Da jin maganar kamar haka ne, shi ya sa ta zauna.

A duba girkin biki. Mata takwas za su raba yankan albasa da gyaran shinkafa su gama nan da nan, amma tafasar tukunya sai an jira, ko su ɗari ne. Haka manhaja take: wani aikin yana rabuwa, wani dole ya jira na gabansa. Tun 1967 masana suka san wannan lissafi, ana kiransa ƙa'idar Amdahl. In kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ƙwaƙwalwa takwas ba za ta kai ninki biyar ba. In rabi ne, ko dubu aka zuba ba za a wuce ninki biyu ba.

Mai kwamfutar Windows ya buɗe Task Manager, wato manhajar da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, ya sa a nuna kowace ƙwaƙwalwa daban. Sau da yawa zai ga ɗaya tana haki, sauran suna hutu.

Don Allah a tura wa masu shirin sayen waya.